Laifin Faifai Ne

Akwai wani mai gyaran duwatsun zobe, shagonsa na wani ɗan layi a bayan kasuwa, inda maƙeran azurfa da masu gyaran agogo suke zama. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Kaifi yake ce masa, saboda kaifin idonsa.

Ga yadda aikinsa yake. Za a kawo masa ɗanyen dutse, aƙiƙ ko wani mai launi, ka gan shi kamar tsakuwar bakin hanya. Sai ya yanki gutsure, ya manna shi a kan gajeren tsinke da narkakken danko, ya zauna gaban inji.

Injin yana da fayafayai a jere a jikin ƙarfe ɗaya, suna juyawa, ruwa na ɗiga a kansu. Na farko mai kaushi ne, shi ke cin dutse ya fitar da siffa. Na bayansa suna ƙara laushi, har a kai na ƙarshe mai fito da sheƙi. In Kaifi ya gama, za ka ga ƙasan dutsen a shimfiɗe, samansa ya yi doro sumul kamar rabin ƙwai, ba tabo ba gargada.

Fayafayan nan kuwa cinyewa suke yi. Fuskarsu shafe take da ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u, kuma ƙwayoyin suna zubewa da aiki. Faifai zai yi sanƙo, ko ya yi kwari a tsakiya. Daga nan sai ka danna da ƙarfi kafin ya ci, dutse ya ɗau zafi, danko ya saki. In aka kai nan, sai canji.

Mai sayar musu da fayafayan wani ne da ake kira Dogo, shagonsa na bakin layin. Tare suka koyi sana'a da Kaifi tun suna samari. Dogo bai yi nisa a gyaran dutse ba, shi da kansa yake faɗa, amma Allah ya ba shi babban yatsa. Yana shafa faifai sau ɗaya zai gaya maka ko da sauran ransa.

Kullum da hantsi yakan shigo shagon Kaifi da kofin shayi biyu, ya sunkuya don kada ƙofa ta buge masa kai.

"Dogo, wata rana sai na sa an ɗaga maka rufin nan," in ji Kaifi.

"Ka bar shi. Ai sunkuyawar da nake yi ita ce kaɗai girmamawar da kake samu a layin nan."

Su yi dariya, su sha shayinsu. Amma maganar Dogo wasa ce kawai. A layin nan, in Kaifi ya ce dutse na gaske ne, an gama magana. In ya ce kaya ba kyau, ko kyauta ba mai ɗauka. Shi ma ya san da haka, kuma abin yana yi masa daɗi fiye da yadda yake nunawa.

Wata rana ya gama wani jan aƙiƙ, ya ɗaga shi a gaban fitila, sai ya ga kamar an hura masa numfashi. Sheƙin bai fito ba. Ya goge da tsumma, ya mayar kan faifan ƙarshe, ya sake dubawa. Dishi-dishin yana nan.

Ya kwance faifan ya nufi shagon Dogo.

"Wannan ya mutu. Ba ni wani."

Dogo ya shafa yatsa a kai, ya juya, ya sake shafawa.

"Kaifi, wannan fa da sauran ransa sosai."

"Yatsanka ne ya tsufa. Ni da nake aiki da shi na ce maka ya mutu."

Dogo ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo sabo. Kaifi ya koma ya ɗaura, ya jefa tsohon a cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Ya sake goge dutsen. Ya ga kamar ya ɗan fi, kamar kuma bai fi ba. Ya ce a ransa sabon faifai sai ya saba da hannu.

Ba a daɗe ba maƙerin azurfan da ya fi ba shi aiki ya shigo da duwatsu a tafin hannu. Ya tsaya yana ta kame-kame, don bai taɓa dawo wa Kaifi da aiki ba.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Waɗannan sun ƙi zama a bakin zobe. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Wannan kuma ga shafaffen wuri a gefensa."

"A ina?"

"Ga shi nan."

Kaifi ya karɓa ya duba, bai ga komai ba. Sai da ya juya dutsen, wurin ya zo daidai tsakiyar idonsa, sannan ya gani. Shafaffen wuri ɓaro-ɓaro, irin kuskuren da ko sabon shiga ba ya yi. Kunya ta kama shi.

"Faifan farko ne," ya ce. "Rawa yake yi. Kayan yanzu duk sun lalace."

Ya canza faifan farko. Bayan ɗan lokaci ya canza na biyu. Ya ƙara fitila a kan tebur, ya sake ƙara wata, har maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Kaifi, shago za ka buɗe na sayar da haske?"

A gida ma abubuwa sun fara. Ya yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida. Ya bugi gefen ƙofar ɗaki da kafaɗa, ƙofar da ya shekara da shekaru yana bi. Ya miƙa hannu zai ɗauki cokali ya kifar da kofin ruwa.

"Maman yara, wai me ya sa kike zuba kaya a hanya?"

"Malam, bokitin nan tun da muka tare a gidan nan wurinsa ke nan."

"To ki canza masa wuri."

Ta canza. Washegari ya yi tuntuɓe da kujera.

Matar tasa mace ce mai haƙuri, amma ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta jira ya ci abinci ya natsu, sannan ta ce, "Malam, da za ka je a duba maka idon nan. Ɗazu na tsaya a gefenka ina miƙo maka wayarka, sai da na yi magana ka san ina wurin."

Ya yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ni? Ki tambayi gari me ake ce mini. Idon da yake ganin tsaga a cikin dutse kafin a yanka shi? Tunani ne ya yi mini yawa, fayafayan banza sun hana ni sakat."

Ta bar maganar. Ido ba ya yi masa ciwo, ba ya ja, ba ya hawaye. Da me za ta kafa hujja?

Kwalin ƙarƙashin tebur ya fara cika. Duk zuwan da Kaifi zai yi, Dogo zai shafa faifan da aka ce ya mutu, ya dubi abokinsa, ya yi kamar zai yi magana, sai ya fasa.

Wata rana da hantsi Dogo ya shigo da shayi kamar kullum. Kaifi na kan inji. Maimakon ya ajiye kofin a tebur, sai Dogo ya tsaya ta hagunsa, ya miƙa kofin dab da kuncinsa, ya yi shiru. Tururi na tashi. Kaifi bai waiwayo ba. Dogo ya ɗaga ɗaya hannun ya kaɗa. Kaifi na ta aikinsa.

Dogo ya sauke hannunsa. Ya ajiye kofin, ya leƙa waje ya ga ba kowa kusa, ya janyo ƙofa.

"Kaifi, kashe injin nan, magana zan yi da kai."

Kaifi ya zabura. "Kai, yaushe ka shigo?"

"Abin da zan yi magana a kai ke nan. Na daɗe a gefenka."

Dogo ya zauna a kan benci, ya sassauta murya.

"Mutumina, fayafayan nan lafiyarsu ƙalau. Na shafa su, na ba wasu irinsu, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Jan aƙiƙ ɗin da ka ce bai yi sheƙi ba, na gan shi a hannun mai shi, har fuskata nake gani a ciki. Ba faifai ba ne. Idonka ne."

Dogo ya ƙara matsowa kusa, ya ci gaba.

"Ƙanen mahaifina haka ya fara. Ba ciwo, ba komai, ta gefe-gefe abin yake ci. Likita ya ce da an zo da wuri ana tsayar da shi. Ka rufe shago gobe, ni zan raka ka. Ba wanda zai ji. In an tambaya mu ce sayen kaya muka je."

A daidai lokacin, abubuwa suka dawo wa Kaifi a rai. Ya tuna bokiti, ya tuna ƙofa, ya tuna mai babur ɗin da ya kusa kwashe shi a mararraba yana zaginsa, shi kuwa bai ga ta inda ya fito ba. Ya san gaskiya Dogo ya faɗa. Sai kuma ya hango layin nan gaba ɗaya suna cewa Kaifi ba ya gani. Ya hango maƙera suna kai aiki wani wuri. In aka cire ido, me ya rage a sunansa?

Tsoron nan bai fito a matsayin tsoro ba. Da fushi ya fito.

"Au, haka ne? Ka sayar mini da jabu, asirinka zai tonu, shi ne za ka ce na makance?"

"Subhanallahi. Kaifi, ni ne fa."

"Na san kai ne. Tun muna yara kake baƙin ciki da idon nan, don kai ba a ba ka ba."

Dogo ya miƙe a hankali, ya ɗauki kofinsa, ya sunkuya ya fita.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Kaifi ya zauna yana huci, yana tunanin Dogo zai je ya faɗa wa mutane. Gara ya riga shi. Ya kwance fayafayai biyu daga jikin inji, ya fito tsakiyar layi, ya watsa su a ƙofar shagon Dogo. Ƙarar ƙarfen ta fito da kowa.

"Jama'a, ku shaida! Kayan jabu yake sayar mana! Aikina ya lalace, sunana ya ɓaci, duk saboda mutumin nan. Duk mai son sana'arsa ya kiyayi shagon nan!"

Aka taru. Masu gyaran dutse, maƙera, har masu wucewa. Kowa ya zuba wa Dogo ido.

Kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya ce, "Ku tsaya a gefensa ku ɗaga hannu," da magana ta ƙare a wurin. Kaifi ma ya san haka, ya tsaya yana jiran ta.

Dogo ya durƙusa, ya tsince fayafayan, ya kakkaɓe musu ƙasa da hannun rigarsa. Ya dubi abokinsa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Kaifi." Ya shige shagonsa.

Mutane suka ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Tunda Kaifi ne ya faɗa, wa zai tsaya bincike? Wanda dutse ya taɓa fashe masa ya tuna, ya ce ashe faifai ne. Wanda bai taɓa samun matsala ba ya ce gara ya yi hattara. Kafin a jima labari ya wuce layin, ya kai ga masu sana'ar a wasu unguwanni. Ɗaya bayan ɗaya suka janye ƙafa.

Kaifi kuwa ya aika aka kawo masa fayafayai daga nesa, masu tsada, a cikin kwali mai rubutun waje. Ya ɗaura su da hannunsa yana addu'a a ransa. Ya goge dutse, ya ɗaga a gaban fitila.

Dishi-dishin yana nan. Har ya ƙaru.

Ya daɗe a zaune, inji na juyawa, ruwa na ɗiga, bai sa komai a kai ba. Yanzu ba sauran wanda za a ɗora wa laifi. Amma zuwa asibiti yana nufin Dogo ya yi gaskiya, kuma yana nufin abin da ya yi a tsakiyar layi zalunci ne. Ya ce bari ya ɗan jinkirta. Wataƙila gajiya ce.

Ya sayi tabarau a wurin mai talla a bakin titi. Ya sayi maganin ɗigawa a kantin magani, wanda mai kantin ya ce yana wanke ido. Ya koyi auna doron dutse da yatsa maimakon ido. Yakan kawo aiki gida ya miƙa wa matarsa.

"Maman yara, dubi wannan, ya burge ki?"

Ta san abin da yake tambaya. Sai ta juya dutsen a haske ta ce, "Ya yi kyau. Sai dai nan gefen kamar da ɗan layi." Shi kuma ya ce, "Na gani, gwada ki nake yi."

Sau da yawa ta sake ɗauko maganar asibiti. Wata rana har da kuka. Ta kira babbar 'yarsu daga gidan mijinta ta zo ta roƙe shi. Ya ce su bar shi ya gama aikin da ke hannunsa tukuna. Aikin hannunsa kuwa kullum raguwa yake yi, don maƙera sun fara zamewa ba tare da sun faɗa masa dalili ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ya daina bi ta bakin layi, yana zagayawa ta baya don kada su haɗu da Dogo. Shayin hantsi ya zama shi kaɗai.

Wata rana matarsa ta dawo daga kasuwa ta ce, "Malam, ka san Dogo ya tashi?"

"Ya tashi ina?"

"Ya rufe shago. Mai sayar da rigunan waya ne a wurin yanzu. An ce tun watannin baya."

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci gaba da cin abincinsa. Amma bai jima ba ya ture kwanon.

Abin da ya kai shi asibiti a ƙarshe ba ido ba ne. Yana aiki da rana tsaka, ruwa ya rage ɗiga, ya miƙa hannun hagu zai murɗa famfon. Bai ga inda faifan farko yake ba. Bayan yatsunsa suka hau kan mai kaushin, ya kwashe fata har fari ya bayyana. Mai gyaran agogo ne ya ji ihunsa, ya naɗe hannun da tsumma, ya kira matar Kaifi.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya tana ɗaure hannun ta ce ya riƙe mata audugar nan. Ta miƙa ta hagunsa. Bai motsa ba. Ta dubi matar, matar ta sunkuyar da kai. Kafin su tafi aka tura su ɗakin likitan ido.

Likitar mace ce, ba ta kai sa'ar 'yarsa ba a ganinsa. Ta zaunar da shi, ta ce, "Baba, rufe idon dama da tafin hannunka."

Ya rufe.

Duniya ta ɗauke. Ba likita, ba taga, ba fitila. Baƙi ƙirin.

"An ɗauke wuta ne?" ya tambaya.

Sai ya ji shesshekar matarsa a bayansa. Ya cire hannun da sauri, ɗakin ya dawo, amma yanzu da ya lura, ba dukan ɗakin ba ne. Fuskar likita kawai yake gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Aka yi gwaje-gwaje. Likitar ta ja kujera kusa da shi.

"Baba, hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ne yake matse jijiyar gani, yana kashe ta a hankali. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya."

"To a yi aiki. Ko nawa ne."

"Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, Baba. Ba aikin da yake dawo da ita, a nan ko a ko'ina. Abin da za mu yi shi ne mu yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage. Shi ma ba zan yi maka alkawari ba, don an zo a makare. Tun yaushe ka fara lura?"

Matarsa ce ta faɗa.

Likitar ta yi ajiyar zuciya. "Da a lokacin ne, da maganin ɗigawa kawai zai riƙe maka shi, ka ci gaba da aikinka. Ba wanda ya ce maka ka zo?"

"An ce," ya amsa, muryarsa can ƙasa.

Aiki ya ƙare ke nan. Da hannun ya warke, aka sa inji a kasuwa. Wani mai sana'ar daga ƙarshen layin ya zo dubawa. Yana jan tebur ya ci karo da kwalin, ya ciro faifai, ya shafa, ya ciro wani.

"Baba Kaifi, waɗannan fa? Ai sababbi ne. Wannan ko sabawa da hannu bai gama yi ba. Wa ya zubar da su?"

"Na Dogo ne," in ji Kaifi. "Kwashe su duka."

Ya sa matarsa ta riƙe masa hannu zuwa tsakiyar layi, daidai inda ya tsaya a wancan karon. Ya ɗaga murya ya ce kayan Dogo ba su taɓa zama jabu ba, idonsa ne ya lalace, ƙarya ya yi masa.

Ranar da ya yi ƙaryar, layin gaba ɗaya ya fito. Ranar da ya faɗi gaskiya, mutum kaɗan ne suka ɗago kai. Wani ya ce, "Allah sarki." Wani ya ce, "Ai ya wuce, Baba, sai haƙuri." Sun riga sun saba da wani mai kawo musu kaya. Guduma ta ci gaba da bugawa a maƙera.

Da ƙyar suka samu inda Dogo yake. Gadi yake yi a ƙofar wani babban sito a bayan gari, inda manyan motoci suke sauke buhuna. Suka hau mota, suka sauka, suka taka a rana. Matarsa ta tsayar da shi a gaban wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe.

"Ga shi nan a kan benci," ta raɗa masa.

Kaifi ya juya kai yana lalube da ɗan ganin da ya rage, har ya samo shi. Rigar gadi ta yi masa gajarta a hannu. Gemunsa ya yi fari. Ya rame.

"Dogo."

Dogo ya miƙe. Ya dubi hannun matar a kan hannun abokinsa, ya dubi yadda yake juya kai, ya gane komai.

"Inna lillahi. Kaifi, sai yaushe ka je?"

"Sai da ya ƙare."

Dogo ya kama shi ya zaunar a kan bencin. Kaifi ya shirya magana mai tsawo tun daga gida, amma duk ta watse. Abin da ya iya cewa kawai, "Na cuce ka. Ka san gaskiya ranar nan, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na yi tunanin in na tona ka a gaban mutane, ba za ka taɓa zuwa asibiti ba, don kada a ce na yi gaskiya. Na ce bari in yi shiru, in ka huce za ka je." Ya girgiza kai. "Ashe shirun ma bai yi amfani ba. Wallahi na sha tunani, da na kwarmata maganar a ranar, ko da ka tsane ni, wataƙila da an ja ka an kai ka da ƙarfi."

"Iyalinka fa?"

"Suna wurin 'yan'uwanta. Nan ɗaki ɗaya suka ba ni. Ƙaramin ya bar makaranta, yana bin mota."

Kaifi ya rufe fuska da hannunsa mai tabo.

"Na faɗa wa mutanen layi gaskiya. In za ka dawo..."

"Da me zan dawo, mutumina? Kayan na karyar da su na ciyar da yara. Masu ba ni kaya sun daina ɗaukar wayata. Ka bar maganar nan. Na yafe maka, tun ranar na yafe. Shagon ya yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma idon nan ya fi yi mini ciwo."

Wata babbar mota ta tsaya a ƙofar ta danna ham. Daga ciki wani ya daka tsawa, "Kai mai gadi! Barci kake yi ne?"

"Ina zuwa, ranka ya daɗe!"

Dogo ya dafa kafaɗar Kaifi, ya ruga. Kaifi ya bi shi da kallo, amma Dogo ya fita daga ɗan zagayen da yake gani, bai sake samo shi ba. Sai ƙarar ƙofar ƙarfe da ake ja, da hayaƙin mota. Bayan ta akwai wata motar, bayan ita ma akwai wata. Suka jira, suka jira, Dogo bai samu sararin dawowa ba.

"Malam, mu tafi, rana na yi," in ji matarsa.

Ba su sake haɗuwa ba. Magani ya riƙe idon dama na ɗan lokaci, sannan shi ma ya bi ɗan'uwansa. Yanzu Kaifi yana zaune a ƙofar gida, jikokinsa ne suke gaya masa wanda ya wuce. In baƙo ya tambayi me ya sa ake kiransa Kaifi, sai ya ce a tambayi wani.

Darasi: Idan abu ya yi ta lalacewa a hannunka, ka canza wannan ka canza wancan bai gyaru ba, to ka tsaya ka duba kanka. Wanda ya ja ka gefe ya faɗa maka gaskiya mai ɗaci masoyinka ne, kada girman kai ya sa ka mayar da shi abokin gaba. Ƙaryar da ka yi wa mutum a bainar jama'a, ko ka dawo ka janye ta, ba za ta mayar masa da abin da ya rasa ba. Kuma ciwon da ba ya zafi ma ciwo ne, a je asibiti tun da sauran lokaci. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai labarin nan, wataƙila akwai wanda ake ta roƙo ya je a duba shi yana cewa sai gobe.